Yadda Ake Gwada Tsohuwar Motar Alhaji da Suruka a Kujerar Baya

Idan a gidan surukanka akwai tsohuwar mota irin ta manyan mutane, wadda ta girme ka, aka kuma dube ka aka ce kai za ka fitar da ita kan kwalta a ga ko da sauran rai a jikinta, to ka zo inda ya dace. Sunana Bilyaminu. A Mai Wurno ana ce mini Usta, wato gwanin ƙarfe. Na ɗauki alkawari, duk wanda ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya zai san halin injin motarsa da giyarta da birkinta kafin rana ta faɗi. Zai kuma san halin kansa, ko da yake wannan ba shi ya fita nema ba.

Kada ka damu da takardun shaidata. Shekara goma sha tara ina gyaran injin ban-ruwa a bakin kogi, wanda muke kira babur. Injin ne mai hankali, ana ɗaure shi a wuri ɗaya, ba ya zuwa ko'ina. Na kuma taɓa tuƙa tarakta damina biyu. Ka ga ke nan ilimi ya taru.

Mataki na 1: Ka bar bakinka ya riga ka isa

Ba a fara gwajin mota da sufana. Da baki ake farawa.

Surukina, marigayi Alhaji Abdussalami, fataucin riɗi da ƙaro ya yi. Tun kafin a haife ni ya sayo motar a hannun wani attajiri a Wad Madani. Baƙa ce, doguwa kamar jirgin fito, kujerunta na fata, gaban direba katako ne mai sheƙi. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da zama a tsakar gida ana goge ta. Da tashin hankali ya zo, masu bindiga suna kwashe duk abin da ke tafiya a kan taya, sai matarsa Hajja Mero ta sa aka cire tayoyin huɗu aka ɓoye a rumbu, aka lulluɓe motar da karan dawa, aka kewaye ta da shinge aka zuba awaki. Shekara biyu duk wanda ya leƙo, garke yake gani.

Ƙarshen daminar bana saƙo ya zo daga Abu Na'ama. Yayan Hajja, Kawu Sodangi, wanda ya yi shekara hamsin yana noma a can, jiki ya ƙi. Likita ya ce a kai shi gida a kula da shi, kuma kowa ya san ma'anar wannan magana. Shi kuwa ya ce gida ɗaya ya sani, ɗakin mahaifinsu a Mai Wurno. Ba ya iya zama, balle a cusa shi a ƙaramar bas tsakanin buhunan albasa. Akori-kura kuma za ta girgiza shi cikin rana har ya cika a hanya. Motoci sun yi ƙaranci a garin, waɗanda suka saura ba mai kujerar da mutum zai miƙe ƙafa.

Muna zaune tsakar gida ana ta shawara, sai Hajja ta dubi shingen awaki inda motar take ta ce, “Kujerar bayan arabiyar Alhaji ta fi gadona faɗi.”

A nan ne za ka gyara zama, ka yi gyaran murya, ka ce abin da na ce: “Ai Hajja, mota da babur duk abu ɗaya ne. Fistin ne da mai da wuta. Ku bar mini ita.”

Matata Ilham ta take mini ƙafa a ƙarƙashin faranti. Idan taka matar ta yi haka, ka ɗauka ƙarfafa gwiwa ce.

Mataki na 2: Ka sallami 'yan haya

Motar da ta shekara biyu a ƙarƙashin kara ba kango ba ce, unguwa ce. Ka shiga da ladabi.

Na tarar da kaza tana kwanci a kan kujerar direba. Ɓeraye sun mai da gidan matatar iska rumbun gyaɗa, kuma wallahi sun fi ni iya ajiya. A cikin salansa akwai wani abu da ban ga fuskarsa ba, wutsiyarsa kawai na gani tana shiga rami, ban kuma nemi ƙarin bayani ba.

Ka zubar da tsohon mai, ka wanke tanki, ka goge filogi da goga, ka canza baƙin mai, ka mayar da tayoyi ka ba su iska. Ka ari batir a jikin babur ɗin maƙwabcinka. Duk ƙusar da ka gani ka ɗaure ta, ko ba ka san abin da take riƙewa ba. Gwani ba ya tambayar ƙusa aikinta.

Kwana shida na yi a ƙarƙashin motar nan. Gaskiya aikin kwana uku ne. Sauran ukun na yi su ne domin muddin ina kwance a ƙasa, ba wanda zai ce in tuƙa. Kullum da safe Hajja za ta zo da sandarta ta tsaya a kan ƙafafuna da suka leƙo waje.

“Usta, yau mi ya rage?”

“Saura kaɗan, Hajja. Ina duba wani abu ne.”

“Yaya Sodangi ma saura kaɗan,” in ji ta a rana ta shida, ta juya ta tafi.

Na fito daga ƙarƙashin mota, na ce gobe da safe zan gwada ta. Na yi bayani dalla-dalla: gwaji ne kawai, kilomita biyar zuwa, biyar dawowa. Idan ta ci jarrabawa, sai a nemo direba na gaske a Sinnar jibi ya yi tafiyar.

Mataki na 3: Ka tafi kai kaɗai

Wannan doka ce mai ƙarfi. Mai gwajin mota yana bukatar shiru domin ya saurari inji, kuma idan abin kunya ya faru, gara ya faru ba shaida.

Da na sha shayin safe na iso, na tarar da Hajja Mero zaune a kujerar baya, ta naɗe cikin farin mayafinta, sanda a tsakanin gwiwoyi, carbi a hannu.

“Hajja, ai gwaji ne. Akwai hatsari.”

“Shekara arba'in ina zama nan. In ta yi tari na san mi ke damunta. Kai yaushe kuka saba?”

Ka sani, mutum ba ya jayayya da uwar matarsa, ba ya ma haɗa ido da ita. Sai ga shi madubin tsakiya ya kafe a wuri ɗaya, kuma abin da yake nunawa kawai shi ne idanun Hajja. Na gwada juya shi, ya ƙi. Saboda haka na yanke shawarar duk abin da ke bayana ranar nan na bar wa Allah.

Mataki na 4: Ka tayar da inji cikin natsuwa

Ka zauna daidai. Ka yi bisimilla. Ka murɗa makulli.

Za ka ji “ƙit”. Shi ke nan. Ka sake murɗawa, za ka sake jin “ƙit”. Wannan yana nufin abin da ke juya inji ya mutu tun zamanin awaki, kuma shi kaɗai ne ba ka duba ba a kwana shida.

Kada ka nuna damuwa. Ka leƙo ta taga ka ce wa jama'a motocin Turawa na da haka ake tayar da su, da turi. Magidanta goma sha ɗaya suka naɗe jallabiya suka sa kafaɗa. Hajja ba ta sauka ba. Muka wuce masallaci, muka wuce mai gasa burodi, muka kusa kasuwa, masu turi suna haki suna ambaton iyayena cikin harsuna biyu. Daidai gangaren da ke fita zuwa kwalta na saki kuloci. Motar ta yi tsalle, ta yi harbi kamar bindiga, ta tofa wa mutum goma sha ɗaya baƙin hayaƙi, sannan ta kama wani gurnani mai zurfi, mai daɗin ji, irin wanda ban taɓa ji a bakin babur ba.

Na ji Hajja ta ja numfashi a baya. “Muryarta ke nan,” ta ce a hankali. Ba da ni take ba.

Ɗaya daga cikin masu turin ya biyo mu da gudu yana ihu: “Ya Usta! Kar ka kashe ta! In ta mutu ba mu nan!”

Ka riƙe wannan. Daga yanzu ƙafarka ta dama da totur sun zama abu ɗaya, domin na lura da zarar na ɗaga ƙafa sai ta fara shure-shuren mutuwa.

Mataki na 5: Ka gwada giya ɗaya bayan ɗaya, har da ta baya

Sandar giyar motar nan a jikin sitiyari take, ba a ƙasa ba. Na ɗan ɓata lokaci ina lalube a gefen cinyata kafin Hajja ta miƙo sanda ta nuna mini.

Ta ɗaya ta shiga. Ta biyu ta shiga da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ta uku ta shiga lafiya lau, har na ɗan jingina na ɗora gwiwar hannu a taga domin masu raksha, wato keke mai taya uku, su gani. Allurar gudu ta kai arba'in. Ban taɓa yin gudun arba'in da hannuna ba, na ji kamar in yi wa itatuwa sallama.

A kilomita biyar na rage gudu zan juya. Titin tudu ne, hagu da dama baƙar laka ce ta ƙarshen damina, irin wadda ke haɗiye jaki. Motar kuma ta fi faɗin titin tsawo. Dole sai an yi gaba, an yi baya. Na nemi ribas. Na ja sandar sama, na tura ƙasa, na jawo ta wajen ƙirjina, na roƙe ta. Babu.

Darasi: ribas ita ake fara gwadawa, a tsakar gida. Na sa shi a mataki na biyar ne domin a nan na koye shi.

“Hajja, sai mun ƙara gaba mu sami fili mu kewayo.”

“To.”

Muka sami fili bayan kilomita tara, wajen wata kasuwar ƙauye. Na fara karya sitiyari, sai sanda ta sauka a kafaɗata, ba da ƙarfi ba.

“Tsaya ka buɗe but tukuna.”

Na ja birkin hannu, na danne totur da sufana, na zagaya. A cikin but akwai jarkar fetur huɗu, jarkar ruwa biyu, matashi uku, bargo, da kwanon abinci a ɗaure cikin tsumma. Ɗaurin na sani, na Ilham ne.

Na dawo na tsaya a tagar baya, idona a ƙasa.

“Hajja, ai cewa muka yi gwaji.”

“Da na ce maka tafiya ce, da yanzu kana ƙarƙashinta kana duba wani abu. Jiya da la'asar ɗiyar Yaya Sodangi, Najwa, ta yi waya, ya daina cin abinci. Ba ni da jibi, mijin Ilham. Kai nake da shi.”

Ina so in ce maka a nan zuciyata ta cika da jarumta. Abin da ya faru shi ne na shiga mota da sauri domin kada 'yan kasuwa su ga tsoro a fuskata. Tunda na riga na zauna, sai na sa giya. Abu Na'ama tana gabanmu da kusan kilomita casa'in.

Mataki na 6: Ka saurari kowace ƙara, ka sa ido a kan allurar zafi

Gwani yana gane ciwon mota da kunne. Ni ma na kasa kunne, na ji ƙara iri bakwai, na kuma tabbatar kowace ɗaya ajalinmu ce.

“Hajja, kin ji wannan ƙwas-ƙwas ɗin?”

“Murfin akwatin gaba ne. Cusa takarda.”

“Wannan kukan fa, kamar na kyanwa?”

“Tun auren Ilham take yin shi. Tuƙa.”

Can sai ta ɗaga kai da kanta. “Wannan kam baƙuwa ce. Tsaya.” Ni ban ji komai ba. Na leƙa ƙasa, na tarar salansa ta saki tana jan ƙasa. Na ɗaure ta da waya, na ƙona yatsu biyu, na dawo na bayyana wa Hajja cewa dama na ji ƙarar, ina jiran wuri mai kyau ne. Ta ci gaba da jan carbi.

Wajen hantsi allurar zafi ta fara hawa zuwa ja. Na ce zan tsaya in buɗe lagireto in ƙara ruwa.

“Ka buɗe ta da zafi ta dafa maka fuska, in ce wa Ilham mi? Akwai wani jan maɓalli ƙasa da rediyo. Alhaji shi yake murɗawa har ƙarshe.”

Na murɗa. Wata iska ta taso daga ƙarƙashin ƙafafuna kamar an buɗe tanderun burodi. Ashe Turawa, saboda sanyin ƙasarsu, sun sa wa motar abin ɗumama ciki, kuma idan ka kunna shi yana janye zafin inji ya zuba maka. Allura ta sauka. Ni na hau. Cikin rabin sa'a jallabiyata ta manne a jikin fatar kujera, gumi yana ɗiga daga gwiwar hannuna. Hajja a baya ta sauke gilashi tana shan iskar gonakin riɗi.

Ka lura da hikimar: zafi ba ya ɓacewa, wurin zama yake canzawa, kuma yawanci kan suruki yake komawa.

Mataki na 7: Ka tanadi takardu

A shingen bincike na shiga Sinja wani jami'i mai bindiga ya ɗaga hannu. Na tsaya, ƙafata tana kan totur, motar tana gurnani.

“Kashe mota,” ya ce da Larabci.

“Ranka ya daɗe, ba ta kasuwa. Wato tana kasuwa, tashi ne ba ta yi.”

“Takardu.”

Na miƙa masa abin da na samu a akwatin gaba. Ya buɗe, ya dubi hoton Alhaji Abdussalami yana saurayi da gashi cunkus, ya dube ni a jiƙe sharkaf kamar an tsamo ni daga kogi. Ya fara kiran abokin aikinsa. Ni kuwa na fara lissafin mutum nawa ke shingen, ko za su isa turi.

Hajja ta leƙo. Ba ta ɗaga murya ba.

“Ɗana, yayana zan ɗauko a Abu Na'ama, ya mutu a ɗakin ubanshi. In ka kashe arabiyar nan, kai za ka goyo shi.”

Jami'in ya zagaya bayan motar. Ya leƙa but, ya ga matasai da bargo. Ya mayar mini da takardun da hannu biyu, ya ce idan mun dawo kada mu tsaya, mu yi ham kawai. Ban gaya masa ham ɗin ma ba ya yi ba.

Mataki na 8: Ka gwada birki tun kafin ka bukace shi

Duk hanya birki yana kamawa, sai dai na lura kullum sai na ƙara zurfafa ƙafa. Na ɗauka sabo ne muke yi da juna.

Muka shiga Abu Na'ama rana ta take. Hajja tana nuna hanya da sanda: dama, hagu, gidan can mai bishiyar darbejiya. Mutane sun fito ƙofa suna kallon doguwar baƙar mota, na gyara hula. Na taka birki. Feda ta tafi har ƙasa ba tare da ta gamu da kowa a hanya ba.

Ga abin da za ka yi. Ka taka, ka saki, ka taka, ka saki, da sauri. Ka mayar da giya ta ɗaya ko da za ta yi kuka. Ka ja birkin hannu. Ka yi salati da ƙarfi. Idan duk ba su isa ba, ka zaɓi abu mafi taushi a gabanka. A gabana akwai katanga, akwai darbejiya, akwai jaki, akwai tarin karan riɗi. Na zaɓi kara. Muka nutse a ciki har gilashin gaba. Ƙura ta tashi, kaji suka watse. Inji ya yi tari sau biyu, na ba shi wuta, ya ci gaba da gurnani.

Hajja ta gyara mayafi, ta buɗe ƙofa.

“Alhaji a bakin zaure yake tsayawa,” ta ce, ta shiga gida.

Na zauna ina lissafi. Da mara lafiya za mu koma, kilomita ɗari, ba birki. Na sa aka danne mini totur, na shiga ƙarƙashi, ba don ɓuya ba wannan karon. A bayan tayar baya ta dama na ga man birki yana ɗiga daga wani siririn bututu da tsatsa ta cinye. Sai na ji hankalina ya kwanta, karo na farko tun safe. Ban san mota ba, amma yoyo na san shi, shi nake bi shekara goma sha tara. Na lanƙwasa bututun sama da inda ya fashe, na matse bakinsa da filaya har ya toshe. Wani direban babbar mota a maƙwabta ya kawo ragowar man birki a kwalba, ya taka mini feda ina fitar da iska. Birkin taya uku ya dawo aiki. Ya ce da uku ana zuwa, in dai ba a gaggawa.

Maza suka turo motar baya daga cikin kara suka juya mini hancinta. Na ɗura fetur inji yana aiki, abin da nake roƙonka kada ka taɓa yi. Lokacin azahar ya yi, kowa ya tafi alwala, aka rasa mai riƙe totur. Hajja ta fito, idanunta sun yi ja, ta zauna a kujerar gaba ta dogara sandarta a kan feda.

“Je ka yi sallarka. Kar ka ja doguwar sura.”

Mataki na 9: Ka gwada laushin tafiya

Masana suna ɗora kofin ruwa a gaban mota su ga ko zai zube. Mu Kawu Sodangi muka ɗora.

Mutum huɗu suka fito da shi a kan bargo, amma ko biyu sun isa. Na san shi ƙato, mai ɗaga buhun dawa da hannu ɗaya. Aka shimfiɗa shi a kujerar baya, ya miƙe tsaf, har da sauran wuri. Hajja ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Najwa ta shiga gaba da ƙullin magunguna, ta ji iskar tanderu a ƙafafunta, ta dube ni, ta janye su.

Gudun talatin na yi. Kowane rami na gan shi tun daga nesa, na kewaye wanda ake kewayewa, wanda ba a kewayewa na shiga da shi kamar mai sauke tulu. A nan motar ta nuna abin da aka saye ta dominsa. Ta riƙa haɗiye ramuka tana lilo a hankali kamar kwalekwale a ruwa kwance. Manyan motoci suka yi ta wuce mu, har wani mai amalanken jaki ya jera da mu na ɗan lokaci yana tambaya ko lafiya.

Muka yi nisa a hanya. Sai na ji wata murya siririya a baya.

“Mero.”

“Na'am, Yaya.”

“Arabiyar Abdussalami ce wannan?”

“Ita ce.”

“Sau ɗaya ya taɓa ɗaukata. Sai da ya sa na cire takalmi.” Ya tara numfashi. “Duba mini, da takalmi nake?”

“Da su kake.”

“Madalla. Bar su.”

Hajja ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Na kafa ido a kan titi.

Bayan Sinja, inda jami'in nan ya ɗaga mana shinge tun kafin mu iso, Kawu ya sake farkawa.

“Wa ke tuƙi?”

“Mijin Ilham.”

“Mai babur?”

“Shi.”

“Inna lillahi,” in ji shi. Can kuma ya ce, “Yaro, ban ji rami ko ɗaya ba. Ko sun gyara hanyar?”

“Ba su gyara ba, Kawu.”

“To ci gaba da abin da kake yi.”

Ya sa aka sauke gilashi sosai. Ido a rufe ya riƙa kiran sunayen ƙauyukan da muke wucewa, bai kuskure ko ɗaya ba. Da muka kusa, ya ce yana jin ƙamshin kogin wajenmu. Najwa ta juya fuska wajen taga.

Mataki na 10: Ka kashe mota

Rana ta yi ja muka shiga Mai Wurno. Na fara taka birki tun daga kasuwa, saboda haka muka tsaya daidai ƙofar gidan mahaifinsu, ba kara, ba katanga. Aka ɗauki Kawu aka shiga da shi. Sai da na ga ƙafafunsa sun wuce zaure sannan na murɗa makulli. Ƙafata ta dama ta ƙi sauka daga totur, da hannu na ɗauke ta.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗakin. Ya sha kunu, abokan ƙuruciyarsa biyu da suka rage suka zo suka zauna da shi, ya yi faɗa da Hajja a kan wata gonar da aka sayar tun ba a haife ni ba. Ranar Laraba da hantsi ya cika, aka kai shi kusa da mahaifinsa.

A zaman makoki maza suka yi ta nuna ni ana cewa ga Usta da ya kai motar Alhaji Abu Na'ama ya dawo. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ina ɗan ƙara nisan hanyar idan an tambaya. Da muka koma gida na tambayi Ilham ko Hajja ta ce wani abu a cikin mata.

“Ta ce.”

“Me ta ce?”

“An tambaye ta ko ka iya mota. Ta ce ko kusa, ba ka san gabanta daga bayanta ba.” Ilham ta ajiye mini shayi. “Ta ce amma tun safe har yamma ba ka bari ta mutu ba, kuma ita abin da ta nema ke nan.”

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin ƙonewar yatsu, mutuwar kaji, rushewar katanga, ko lalacewar zumunci tsakanin mai karatu da mutum goma sha ɗaya na unguwarsu. Duk wanda ya bi matakan nan ya ƙare a cikin laka, shi da lakar ne, ban san shi ba. Masu aiko mini da tsofaffin motoci tun daga Rusairis kuma su yi haƙuri su daina. Ina bakin kogi wajen babur, kuma idan kun ga ƙafafuna sun leƙo daga ƙarƙashinsa, ina duba wani abu ne.